Kanada da Yaƙin Biyafara a 1968: Gaskiyar Magana da Ƙarin Gishiri

Duk lokacin da zancen ɓallewa ya sake tashi a Kudu maso Gabas, akwai wata magana da ke biyo shi har rumfunan Hausawa, daga Gariki ta Inugu zuwa bakin gadar Anacha, har Oyigbo a gefen Fatakwal. Wai Kanada ta tsaya wa Biyafara a yaƙin basasa, ta amince da ita a matsayin ƙasa, ta riƙa kai mata makamai cikin dare da sunan agaji, saboda haka gobe ma za ta iya maimaitawa. Mai fatan ɓallewa yana faɗin haka don ya ƙarfafa zuciyarsa, ɗan kasuwar da iyalinsa da jarinsa ke can kuma yana ji da fargaba. Dukansu sun haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba: abin da gwamnatin Kanada ta yi, da abin da mutanen Kanada suka yi. Abubuwan da suka faru a 1968 sun isa a tantance su.

Batun amincewa ƙarya ce tsagwaronta. Ƙasashe biyar ne kacal suka amince da Biyafara: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa da Zambiya a watannin Afrilu da Mayu na 1968, sai Haiti a 1969. Babu Kanada a ciki, kuma dalilin yana cikin gidanta. Pierre Trudeau ya zama firaminista ranar 20 ga Afrilu, 1968, ya ci babban zaɓe ranar 25 ga Yuni, kuma babban abin da ya shigo da shi siyasa shi ne hana lardin Kebek mai magana da Faransanci ɓallewa. A Yulin 1967 shugaban Faransa, Charles de Gaulle, ya tsaya a birnin Montreal ya yi wa masu neman 'yancin Kebek kirari a bainar jama'a. A Fabrairun 1968 Gabon ta gayyaci Kebek taron ministocin ilimi a Libreville kamar wata ƙasa mai cin gashin kanta, abin da ya sa Kanada ta dakatar da hulɗar jakadanci da ita. Wannan Gabon ɗin ce ta amince da Biyafara a Mayu, Faransa kuma ta fito da sanarwar tausaya wa manufar Biyafara a ƙarshen Yuli. A Oktoba René Lévesque ya kafa jam'iyyar masu neman ɓallewar Kebek. Trudeau ya ga gemun Najeriya ya kama wuta, ya kuma ga cewa masu hura wutar su ne dai masu leƙen nasa gemun, sai ya shafa wa nasa ruwa. Shugaban da ke cikin wannan hali ba zai sa hannu a raba wata tarayya ba, kuma bai sa ba. Gwamnatinsa ta ƙi kai maganar gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bi matsayin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka wadda ta goyi bayan haɗin kan Najeriya.

To daga ina maganar ta samo tushe? Daga wani abu na gaskiya. Bayan sojojin tarayya sun kama Anacha a Maris da Fatakwal a Mayun 1968, Biyafara ta rasa hanyar teku, yunwa ta yi tsanani, hotunan yara masu kumburarren ciki suka cika jaridu da talabijin na Kanada. Cocin Presbyterian na Kanada yana da daɗaɗɗiyar alaƙa da Gabashin Najeriya, kuma jami'insa Ted Johnson ya zama ɗaya daga cikin masu ɗaga murya. A Oktoba 'yan majalisa biyu daga jam'iyyun adawa, Andrew Brewin da David MacDonald, suka shiga Biyafara suka ga halin da ake ciki, suka koma suka matsa wa gwamnati lamba. An ruwaito cewa da 'yan jarida suka tambayi Trudeau game da Biyafara, sai ya mayar musu da tambayar ina take, kuma jama'arsa sun daɗe ba su yafe masa wannan amsa ba. Matsin ya sa gwamnati ta ba ƙungiyar Red Cross aron jiragen soja samfurin Hercules, amma da sharaɗin yardar gwamnatin tarayya da ke Legas a lokacin, kuma jigilar da aka yi zuwa Biyafara ba ta daɗe ba ta tsaya. Ganin haka ne mutanen coci da ƙungiyar Oxfam ta Kanada suka kafa Canairelief da kuɗin gudummawar jama'a. Jiragenta sun fara tashi daga tsibirin Sao Tome a Janairun 1969, suna sauka cikin dare a Uli, wani yanki na titin mota tsakanin Anacha da Owerri da aka mayar filin jirgi. Sun yi ɗaruruwan sahu, wasu ma'aikatansu sun mutu a haɗari. Gwamnatin Kanada ba ta yarda ta tallafa musu da kuɗi ba sai da yaƙin ya zo gab da ƙarewa a Janairun 1970.

Mai gardama zai ce ai a wannan Uli ɗin ne makaman Biyafara ke sauka. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Jiragen makamai sun yi amfani da duhu ɗaya da fili ɗaya da jiragen agaji, shi ya sa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta nace a koma jigilar rana wadda za a iya bincikawa, shugaban Biyafara Ojukwu kuma ya ƙi. Akwai masana da ke ganin agajin ya tsawaita yaƙin, tunda ya bar Uli a buɗe ya kuma shigar da kuɗin waje, kuma ina ganin wannan hujja tana da nauyin da ba za a ture ta ba. Amma cewa wani ya laɓe a bayan jirginka daban yake da cewa kai ka ɗauko bindiga. Kayan Canairelief abinci ne da magani. Makaman Biyafara a wannan lokaci sun fi zuwa ne ta hannun Faransa, ta Gabon da Kwaddibuwa, da kuma dillalai masu zaman kansu da ke bi ta Fotugal, kamar yadda na tarayya suka fito daga Birtaniya da Tarayyar Sobiyet.

Akwai kuma abin da masu yaɗa maganar ba sa kawowa, domin yana rusa ta. A 1968 Legas ta gayyaci tawagar masu sa ido daga Birtaniya, Kanada, Poland da Sweden, tare da wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya da na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, su binciki zargin kisan ƙare dangi. Kanada ta aiko Manjo Janar William Milroy. Tawagar ta ce ba ta ga shaidar shirin ƙarar da Ibo ba, kuma wannan rahoto ya yi wa farfagandar Biyafara illa ƙwarai. Bai kamata mu Hausawa mu ɗauke shi a matsayin wankin kai ba: masu sa idon sun yi yawo ne a ɓangaren tarayya kawai, sun iso kusan shekara guda bayan kisan da aka yi a Asaba a Oktoban 1967, kuma kashe-kashen da aka yi wa Ibo a Arewa a 1966 ba sa cikin aikin da aka ba su. Abin da rahoton ke nunawa a wannan muhawara shi ne inda gwamnatin Kanada ta ajiye sunanta da janar ɗinta, kuma ta ajiye su ne a inda Legas ta buƙata, a daidai watannin da 'yan majalisarta da limaman cocinta ke zarginta da juya wa masu yunwa baya.