Suna Ɗaya, Uba Daban: Abin da Ke Sa Java Ta Rufe wa Aji Ƙofa

A cikin saƙonnin kuskure da injin Java ke jefo wa masu rubuta manhaja, akwai wanda ya fi sauran ɗaure kai. Mutum ya rubuta azuzuwa biyu, ya ajiye su a fakiti ɗaya, kwamfaila, wato manhajar da ke fassara kod ɗin ga injin, ta duba ba ta ga aibu ba, manhaja ta yi ta aiki lafiya lau. Wata rana sai ya ga dacewar a riƙa ɗauko ɗaya daga cikinsu daga wani fayil na daban yayin da manhajar ke kan aiki, ta hannun mai lodin da ya rubuta da kansa. Ko harafi ɗaya bai canza a cikin ajin ba. Amma da ya nemi a ƙera masa abu daga ajin, sai injin ya tsaya cik, ya ce ba shi da izinin shiga. Wani lokaci sunan saƙon IllegalAccessException, wani lokaci IllegalAccessError. Yawancin mutane a nan suke fara zargin injin, alhali shi ne mai gaskiya.

Ga wanda bai saba da harkar ba, aji a Java shi ne zanen da ake ƙera abu da shi, kuma kowane aji yana da magini, wato ɗan guntun kod ɗin da ke haɗa sabon abu. Hanyar da aka saba ita ce a rubuta kalmar new, a bi ta da sunan ajin. Sharaɗinta shi ne ka san sunan tun kana rubutu. To amma masu gina manyan ginshiƙai irin su Spring da Hibernate da JUnit ba su san azuzuwan da ni da kai za mu rubuta shekaru bayansu ba. Saboda irin wannan buƙata ne kamfanin Sun Microsystems ya saka dabarar duban kai a fitowar Java 1.1 a 1997, cikin fakitin java.lang.reflect. Da ita manhaja za ta karɓi sunan aji a matsayin rubutu kawai, ta nemo shi, ta tambayi maginansa, ta ƙera abu.

Dabarar ba ta soke dokar shiga ba. Matakan izini huɗu ne: public ga kowa, private ga ajin kaɗai, protected ga magada da 'yan fakiti ɗaya, sai na huɗun da ba shi da kalma, wanda ake samu idan mutum bai rubuta komai ba, kuma shi na 'yan fakiti ɗaya ne kawai. Wannan na huɗun shi ne tarkon, domin ba a ganinsa a rubuce. Ƙari a kan haka, idan ba ka rubuta magini ba, kwamfaila za ta ƙirƙiro maka, ta ba shi izini irin na ajin. Ajin da aka manta ba a sa masa public ba, magininsa ma a rufe yake ga na waje. Wannan ita ce matsala mai sauƙi, kalma ɗaya ke gyara ta, ba sai mun daɗe a kanta ba.

Mai wuyar ita ce wadda muka fara da ita, inda azuzuwan biyu ke ɗauke da sunan fakiti ɗaya amma aka hana su ga juna. Kwamfaila tana gane aji da cikakken sunansa kawai. Injin Java kuwa, kamar yadda ƙa'idarsa ta tanada, yana gane aji da abu biyu: sunansa da kuma mai lodin da ya haife shi, wato wanda ya karanta fayil ɗinsa ya miƙa wa injin. Haka ma fakiti. A lokacin aiki, azuzuwa biyu ba sa zama 'yan fakiti ɗaya sai sunan fakitinsu ya zo ɗaya, kuma mai lodinsu ya zama ɗaya. Kamar gidan da aka rubuta “ba a shiga” a ƙofar zaure ne: ɗan gida zai wuce ciki kai tsaye, amma baƙon da ya zo yana cewa ai sunanmu ɗaya da masu gidan, za a tambaye shi ɗan wane ne, in uba ya bambanta a zaure zai tsaya.

Yaya ake yi uba ya bambanta ba tare da mutum ya lura ba? Tun Java 1.2 a 1998 masu lodi suke da tsarin iyaye da 'ya'ya. Kafin mai lodi ya nemi aji da kansa, sai ya fara tambayar na sama da shi, shi ma ya tambayi na samansa, har a kai ga na tushe wanda ke loda ginshiƙan Java kamar String da Object. Sai in duk na sama sun rasa sannan na ƙasa ya duba nasa wurin. A yau ukun da ke zuwa da injin su ne na tushe, na dandamali, da na manhaja. Idan ka ƙara naka, misali URLClassLoader da ke duba wani fayil ɗin jar da ba ya kan hanyar da manhajar ta saba bi, duk ajin da ya fito daga can ɗansa ne shi kaɗai. Ɗan'uwansa da ya rage a babbar manhaja kuwa na mai lodin manhaja ne. A takarda fakitinsu ɗaya, a wurin injin fakiti biyu ne masu kama da juna a suna.

Ba sai mutum ya rubuta mai lodi da hannunsa ba kafin ya faɗa wannan rami. Sabar Tomcat tana bai wa kowace manhajar yanar gizo mai lodinta, kuma da gangan take juya tsarin: sai an fara duba WEB-INF/classes da WEB-INF/lib na manhajar kafin a koma ga abin da sabar ke rabawa kowa. Eclipse, tun fitowar 3.0 a 2004, a kan OSGi take, inda kowane ƙunshi ke da nasa mai lodin. Kayan aikin DevTools na Spring Boot yana raba manhaja gida biyu, laburaren da ba sa canzawa a hannun mai lodi ɗaya, kod ɗin da kake rubutawa a hannun wani da ake zubarwa a sabunta duk lokacin da ka yi gyara. A irin waɗannan wurare ne ake cin karo da ƙanwar wannan matsala, ClassCastException, mai cewa ba za a iya ɗaukar wani aji a matsayin wani ba, ka duba ka ga sunayen biyu iri ɗaya ne harafi da harafi. An loda aji ɗaya sau biyu ke nan, kowane da ubansa.

Mai karatu zai iya cewa wannan tsanani ya yi yawa. Sai a tuna inda Java ta fito. Lokacin da Sun ta fitar da ita a 1995, abin da ya ja hankalin duniya shi ne ƙananan manhajojin applet da birawuza ke saukowa da su daga intanet ta kunna a kwamfutar mutum, ba tare da ya san wanda ya rubuta su ba. Da a ce suna kaɗai ke ba da izini, da mugu ba ya buƙatar wata dabara: ya laƙaba wa ajinsa sunan fakitinka, ya shige ya taɓa duk abin da ka ɓoye wa na waje. Shi ya sa har yau in mai lodinka ya yi yunƙurin haifar aji a fakitin da sunansa ya fara da “java.”, SecurityException zai samu. Kuma ba a rana ɗaya aka toshe kowace kafa ba. A 1997 Vijay Saraswat ya nuna yadda za a yi amfani da masu lodi biyu a ruɗi injin ya ɗauki wani aji a matsayin wani mai suna irin nasa. A 1998 Sheng Liang da Gilad Bracha na Sun suka gabatar da maganin a taron OOPSLA, wato sharuɗɗan da injin ke ɗora wa masu lodi domin su yarda da juna a kan ma'anar duk sunan da ya ratsa tsakaninsu.

Yanzu ga inda nake ganin an fi yin ɓarna. Shawarar da aka fi bai wa wanda ya shiga wannan hali ita ce ya kira setAccessible(true) a kan maginin kafin ya ƙera abin. Ya gwada, saƙon ya ɓace, ya yi hamdala ya wuce. Amma saƙonnin nan biyu masu kama da juna ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba. IllegalAccessException na dabarar duban kai ne, ita ce ke duba wanda ya kira ta ta ce ba shi da izini, kuma wannan dubawar ce kaɗai setAccessible ke kashewa, a kan wannan magini ɗaya tak. IllegalAccessError kuwa daga cikin injin yake, lokacin da yake ɗaura wani aji da wani. Abin da ka ƙera da ƙarfin tsiya yana nan da ubansa na daban. Ranar da kod ɗinsa ya kira wani aiki na 'yan fakiti a wurin ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren, injin zai hana, kuma babu setAccessible da zai cece shi a nan. Tun da injin Java na HotSpot ba ya ɗaura irin wannan kira sai an zo kansa a karon farko, manhajar za ta iya cin duk gwaje-gwaje, ta fita hannun jama'a, sannan ta faɗi a wani layin da ba a cika bi ba, kamar na rahoton ƙarshen wata. An ɗage matsalar ne zuwa lokacin da ta fi tsada.

Ita kanta setAccessible ƙarfinta ya ragu. Java 9, wadda ta fito a Satumban 2017 a hannun kamfanin Oracle, ta zo da tsarin modul da Mark Reinhold ya jagoranta, inda modul ke faɗin fakitocin da ya fitar wa jama'a da kalmar exports, da waɗanda ya yarda a leƙa cikinsu da kalmar opens. Daga 9 zuwa 15 an yi sassauci, gargaɗi kawai ake bugawa idan wani ya kutsa cikin hanjin Java. Java 16 a Maris 2021 ta rufe ƙofar, ta bar mabuɗin sassaucin ga mai so. Java 17 a Satumban 2021 ta janye mabuɗin. Sai aka fara yawan cin karo da wani saƙon, InaccessibleObjectException. Laburare irin su CGLIB, waɗanda suka daɗe suna fasa ClassLoader.defineClass domin su cusa sabon aji a hannun mai lodin wani, nan suka yi tuntuɓe. Abin lura shi ne dalilin da ya sa suke fasawar tun farko: suna son ajin da suka ƙirƙira ya zama ɗan fakiti na gaskiya, uba ɗaya da wanda yake kwaikwayo. Java 9 ta ba da halastacciyar hanyar yin hakan, MethodHandles.Lookup.defineClass, wadda ke haifar aji a mai lodi ɗaya da fakiti ɗaya da mai riƙe da izinin. Akwai kuma --add-opens da ake sakawa a layin kunna manhaja. Yana da amfani a ranar da aiki ya tsaya kuma laburaren wani ne ya jawo, amma na sha ganin an jera shi layi-layi an mance, har ya zama babu wanda ya san wanne ake buƙata.

A wannan fitowar ta 9 ce kuma aka ce a daina amfani da tsohuwar Class.newInstance, a koma getDeclaredConstructor().newInstance(), saboda tsohuwar tana barin kuskuren da magini ya jefo ya wuce ba tare da kwamfaila ta tilasta a tare shi ba. Wasu na zaton sauya wannan layi zai kawar da matsalar izini. Ba zai kawar ba, dokar shiga ɗaya ce a duka biyun.

Gyaran gaskiya a tsarin manhajar yake. Duk abin da zai ratsa tsakanin masu lodi biyu a mayar da shi yarjejeniya a fili: interface mai public, a ajiye shi wuri ɗaya tak inda mai lodi na sama zai ɗauko shi, kada a sake cusa kwafinsa a cikin jar ɗin ƙarin. Ajin da ake lodawa ya zama public, magininsa ma haka, kuma a ba shi sunan fakiti nasa na kansa, domin kwamfaila ta kama duk wani kutse tun ana rubutu maimakon ta yi shiru a kan zumuncin da injin ba zai amince da shi ba. ServiceLoader, wanda ke nan tun Java 6 a 2006, kusan wannan tsarin yake tilasta wa mai amfani da shi. In kuwa da gaske azuzuwan biyu na buƙatar sirrin juna, to a bar su a hannun mai lodi ɗaya.

Kafin duk wannan, wanda saƙon ya tare shi ya buga getClassLoader() a kan azuzuwan biyu ya kwatanta amsar. Sababbin fitowar Java ma sun rage masa wahala, domin a ƙarshen saƙon IllegalAccessError da na ClassCastException sukan ambaci modul da mai lodin kowane aji. In ya ga ɗaya na hannun 'app', ɗayan kuma na hannun wani URLClassLoader, ya bar maginin ya huta, ya koma ya binciki wane jar ne ke ɗauke da wane aji, da kuma wanda ya fara loda shi.