Shin Soja Yana Biyan Haraji?

Malamanmu sun san zancen: kafin albashi ya faɗo asusu an riga an zare haraji, ya tafi hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Katsina. To, sojan da ke fafatawa da 'yan bindiga a dajin Rugu fa?

Nasa daban ne. Tun asali ba jiha ke karɓar harajinsa ba, gwamnatin tarayya ce, ko ina aka tura shi. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta yafe wa jami'an soja harajin albashinsu. A Amurka kuwa, ƙaramin soja ba ya samun wannan rangwame sai a watan da ya yi a fagen daga.

Bayan albashi akwai alawus. A 2025 rundunar sojin ƙasa ta ƙara kuɗin abincin yini daga naira 1,500 zuwa 3,000. An yi ƙoƙari, amma mu da ake aike kasuwar Kankiya awon shinkafa mun san da kyar wannan kuɗin zai ciyar da ƙato sau uku a rana.