Kududdufan da ake cikewa a Kankiya da Kusada

A watan Afrilu, hirar gari a Kankiya da Kusada ba ta wuce ta ruwa: nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka yau, rijiyar wa ta ƙafe, wace burtsatse ce ba ta kawowa sai da asuba. Agusta na kamawa sai zancen ya koma kan katangar da ta zube da ɗakin da ruwa ya ci. Ruwan da ya gagare mu riƙewa da damina, shi ne dai muke saye da bazara.

Tsakiyar jihar Katsina tana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya shan ruwa. Abin da rijiya ko burtsatse ke samu yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogi. Shi ya sa masu haƙa za su huda nan su dace, su matsa kaɗan su tashi da ƙura. Ba abin da ke cika wannan taska sai ruwan saman Yuni zuwa Satumba, shi ma sai ya samu inda zai kwanta ya nutse a hankali.

A da, kududdufi ne ke wannan aiki. Inda aka haƙi ƙasar gina unguwa, nan ruwan unguwar ke gangarawa. Dabbobi su sha, magina su kwaɓa ƙasa, rijiyoyin kusa kuma su daɗe ba su ja baya ba. Yanzu an koma bulo da siminti, fili ya yi daraja, musamman kusa da titin Kano zuwa Katsina da ya ratsa Kankiya. Sai kududdufi ya zama juji. Leda da toka su cika shi, wata rana a wayi gari an kafa turaku an yanka fuloti. Ruwa kuwa bai san da wannan ciniki ba, hanyarsa ta da zai biyo.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwan milimita 50 a kan hekta ɗaya lita 500,000 ne, wato jarka 20,000 mai cin lita 25. A gona, ƙasa za ta shanye wani kaso. A unguwar da ta zama rufin kwano da daɓen siminti, kusan duka zai kwararo lungu lokaci guda, kuma gidan ƙasa na talaka da ke gangare shi zai fara karɓarsa.

Ga shi kuma ruwan kansa ya sauya hali. Duk ƙarin zafi na digiri 1, iska na iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin ɗari. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mutanen Jibiya sun ga haka a Yulin 2018, da ruwan dare ɗaya ya hallaka sama da mutum 40.

Da yawa sun zuba ido ga manyan ayyuka, kuma suna da hujja. Sai dai madatsar Zobe da ke Dutsinma an kammala ta tun 1983, amma sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin farko na aikin kai ruwanta ga jama'a. Shekara 38 ke nan. Ƙananan madatsun ƙasa irin na Kankiya da Kusada kuwa, kowace damina na zuba musu yashi da laka daga gonaki, in ba a yashe su ba cikinsu raguwa yake yi.

Masu son a cike kududdufi ba su rasa abin faɗa: sauro, wari, ga yaran da ke faɗawa ciki. Duk gaskiya ne, kuma uwar da ta rasa ɗa ba a yi mata lissafin lita. Amma maganin wannan shinge ne, da hana zuba shara, da yashewa kafin ruwan fari. A ganina, ya kamata ƙananan hukumomin biyu su zauna da hakimai da dagatai da masu unguwanni, a ƙidaya kududdufan da suka rage, a rubuta su a matsayin filin jama'a da ba a sayarwa, a kuma buɗe magudanun da ke kai musu ruwa tun cikin watan Mayu.