Mayar da Shahon Saƙar Ƙasar Bulgeriya: Yadda Aka Yi da Matsayinsa a Fiƙihu

Gabatarwa

Ɗalibin fiƙihu yakan haɗu da shaho a babin farauta. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun mafarauta suka kamo, jumhurun malamai kuma sun shigar da tsuntsaye cikin hukuncin, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya ambaci horarren shaho tare da horarren kare a Risala. Sai dai shahon da Larabawa suka fi daraja, wanda suke kira saƙarul hurr, yana cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Wannan maƙala tana bayanin yadda aka mayar da shi wata ƙasa da ya ɓace daga cikinta.

Tsuntsun da Dalilan Raguwarsa

Saƙar tsuntsun buɗaɗɗun filayen ciyawa ne, daga tsakiyar Turai har zuwa Kazakistan, Mongoliya da Sin. Ba ya gina sheƙa da kansa. Yakan yi ƙwai a tsohuwar sheƙar hankaka ko gaggafa, ko a jikin dutse. Yawancin abincinsa kuregen fili ne da ɓeraye da tattabaru.

Abubuwa uku suka fi cutar da shi. Na farko, nome filayen kiwo, wanda ya rage kuregen da yake ci. Na biyu, turakun wutar lantarki: inda babu itatuwa, a kansu yake sauka, wuta ta kashe shi. Na uku, kama shi da kwashe 'ya'yansa domin sayar wa mafarauta. An fi neman mace saboda ta fi namiji girma da ƙarfi, rashinta kuwa shi ya fi karya haihuwa.

Yadda Aka Mayar da Shi

A Bulgeriya, sheƙa ta ƙarshe da aka tabbatar ita ce ta 1998. Ƙungiyar Green Balkans ta ɗauki kiwon tsuntsun a cibiyarta da ke Stara Zagora, ta kuma saki guda 80 daga 2015 zuwa 2020.

Hanyar sakin ta samo asali ne daga dabarun mafarauta. Idan 'yan tsakin sun kai kimanin wata guda, sai a sa su cikin akwati a saman itace, a riƙa ba su abinci ba tare da sun saba da mutum ba, har su koyi tashi da farauta. Hikimar ita ce, saƙar yakan komo ya hayayyafa kusa da inda ya fara tashi. A 2018 aka tabbatar da cewa mace da namiji daga cikin waɗanda aka saka sun ƙyanƙyashe a daji, bayan shekara 20 da yankewar haihuwa.

Saki kaɗai ba ya wadatarwa matuƙar sababin ɓacewar yana nan. Aikin Mongoliya ya nuna haka ta wata fuska. Can tsuntsun bai ƙare ba, abinci ma yana da yawa, wurin sheƙa ne ya yi ƙaranci. Da tallafin Hukumar Muhalli ta Abu Dhabi aka kafa sheƙoƙin wucin gadi 5,000 a kan turaku, daga bisani aka shiga gyara turakun lantarki domin su daina kisa.

Matsayin Fiƙihu

Halaccin farauta da shaho tabbatacce ne, amma halaccin aiki ga mutum ɗaya ba ya nufin halaccinsa a kowane adadi. Imamu Shaɗibi ya bayyana a Muwafaƙat cewa abin da yake mubahi idan an dube shi ɗaiɗai, hukuncinsa yana iya sauyawa idan an dube shi a dunƙule. Mafarauci guda da ya kama shaho guda bai ƙarar da jinsi ba. Dubban mafarauta da ke kwashe mata kowace shekara suna iya ƙarar da shi. A nan shugaba yana da ikon taƙaita mubahi saboda maslaha. Asalin haka yana cikin tsarin hima: Annabi (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi', Sayyidina Umar (RA) kuma ya keɓe ta Rabaza.

Kammalawa

Abin da ya ɓace cikin sauƙi, sai da aka yi shekaru ana kiwo da kashe dukiya kafin a samu sheƙa guda. Saboda haka ya dace mai karantar da babin farauta ya haɗa sharuɗɗan abin da shaho ya kamo da tambayar inda aka samo shahon, da ko an bar na baya da za su hayayyafa. Allah ne mafi sani.