Kuturtar Gyaɗa da Tarihin Neman Iri Mai Jure Mata

Manoman ƙasar Hausa sun laƙaba wa wannan cuta sunan kuturta saboda yadda take dunƙule ganyen gyaɗa, ta tsumburar da shuka har ta kasa yin 'ya'ya. Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta, ƙwaron darɓa kuwa shi ne ke yaɗa ta daga tushe zuwa tushe. Da yake shukar da ta kamu ba ta warkewa, babbar kariya ita ce iri mai juriya.

An fara gano irin wannan juriya a shekarar 1952, yayin wata annoba a Senegal, inda wasu ire-iren gargajiya na iyakar Burkina Faso da Kwaddebuwa suka tsira. Ke nan asalin juriyar daga rumbun manoma ya fito. Sai dai waɗannan ire-ire suna da nauyi, ba su dace da gajeriyar daminar Kano da Katsina ba.

A shekarar 1975 annobar ta auka wa Arewacin Nijeriya, ta lalata kimanin hekta 700,000, ta raunana sana'ar da a dā gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna ke taƙama da ita. Daga nan masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da cibiyar ICRISAT, suka duƙufa wajen barbarar iri domin haɗa juriya da saurin nuna. Sakamakon wannan aiki ya haɗa da SAMNUT 24, wadda aka fitar a 2011, mai nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka.