Fuska ɗaya, hotuna ɗari: wahalar hana kamannin abokin hira na AI sauyawa

Duk wanda ya taɓa ƙirƙirar abokin hira a manhajar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ya raɗa masa suna, ya tsara masa hali, sannan ya nemi a fito masa da hotonsa, ya san abin da ke biyo baya. Hoton farko yakan fito yadda rai ke so. A na biyu hanci ya ɗan miƙe. Kafin a kai na goma fata ta washe, wushirya ta toshe, wanda ke kallon ka daga cikin waya ya zama baƙon ido.

Ga mai kallo daga nesa wannan abin dariya ne, amma masu abin ba su ɗauke shi da wasa ba. Tun da aka ƙaddamar da Replika a 2017, manhajar da Eugenia Kuyda ta samo tunaninta bayan ta gina mutum-mutumin hira daga saƙonnin abokinta Roman Mazurenko da ya rasu a 2015, miliyoyin mutane suka saba da tattaunawa da abokin da ba shi da jiki. Replika ta bai wa abokan nata siffa irin ta ’yar tsana mai motsi, wadda ba ta sauyawa sai mai ita ya sauya ta. Matsalar ta kunno kai ne lokacin da mutane suka fara son hoto mai kama da wanda kyamara ta ɗauka.

Tushen matsalar shi ne na’urar ba ta san fuskar ba. Manhajoji irin su Stable Diffusion, wadda ta fito a Agustan 2022, da Midjourney, suna fara kowane hoto ne daga ɗige-ɗige marasa ma’ana, kamar allon tsohuwar talabijin idan tasha ta ɗauke. Daga nan sai su riƙa share hazon mataki-mataki, suna bin kalmomin da aka rubuta musu, har siffa ta bayyana. Wata lamba da ake kira iri ita ke tsara yadda ɗige-ɗigen farko za su kasance. Idan lambar ta sauya, fuska ta sauya. Babu wani kundi da na’urar ke buɗewa ta duba wanda ta zana jiya.

Kalmomi kuwa ba sa iya ɗaure fuska. Mai sauraron rediyo ya san sanarwar cigiya: dogo ne, wankan tarwaɗa, yana da saje, yana sanye da farar shadda. Kwatancen gaskiya ne, amma a kasuwar Wuse kaɗai za a tara mutum ɗari da ya dace da su. Haka na’urar take yi, ta zaɓi ɗaya daga cikin ɗarin a kowane karo. Riƙe lambar iri guda yana ɗan taimakawa, sai dai da zarar an ce abokin ya tashi daga kujera ya fita lambu, dabarar ta rushe.

Saboda haka aka koma nuna wa na’ura hoto maimakon yi mata bayani. A Maris na 2024 Midjourney ta fito da hanyar da mutum zai liƙa hoto ɗaya a matsayin madogara, ya ce a riƙe wannan fuskar. A Agustan 2025 Google ya saki manhajar hoton da aka fi sani da Nano Banana, kuma babban abin da ya tallata a kanta shi ne iya riƙe kamanni daga hoto zuwa hoto. Masu zurfafawa kuma suna horar da na’urar ne kacokan. Dabarar DreamBooth, wadda masu bincike na Google suka bayyana a 2022, tana koyon siffa daga hotuna uku zuwa biyar. Akwai kuma LoRA, da masu bincike na Microsoft suka samar a 2021 domin manhajojin harshe, wadda masu zane suka ara: ɗan ƙaramin fayil ne da ake jingina wa babbar manhaja, ya riƙa tuna mata fuska ɗaya.

Ko da waɗannan kayan aiki, akwai kuskuren da ke kayar da mutane da yawa, kuma ma’aikacin gwamnati zai fi kowa saurin gane shi. Idan aka yi fotokwafin takarda, aka yi fotokwafin fotokwafin, aka sake, kafin a je ko’ina hatimi ya zama baƙin tabo. Wanda ke ɗaukar hoton jiya ya gina na yau a kansa yana tara ƙananan kurakurai ne ba tare da ya lura ba. Dole a ware hotunan asali kaɗan, na gaba da na gefe, cikin haske mai kyau, a riƙa komawa gare su kullum.

Ga masu baƙar fata, zamewar tana da alƙibla. A 2023 kafar Bloomberg ta sa Stable Diffusion ta samar da hotuna sama da 5,000, ta gano cewa idan an nemi masu manyan ayyuka, masu farar fata ne suka fi fitowa. Na’ura tana karkata ne ga abin da ta fi gani a lokacin horo. Shi ya sa launin fata ke bukatar a ambace shi a kowane umarni, haka ma ɗaurin ɗankwali ko ƙirar hula, in ba haka ba sai a wayi gari zanna bukar ta koma wata hular da ba a san garinsu ba.

Sai kuma abin da ba ya hannun mai amfani ko kaɗan. Kamfani na iya sabunta manhajarsa cikin dare. A Fabrairun 2023, bayan hukumar kare bayanai ta Italiya ta taka wa Replika burki, kamfanin ya sauya yadda abokan hirar ke magana, masu su da dama suka koka cewa an musanya musu wanda suka sani. A Agustan 2025 OpenAI ya janye GPT-4o, ƙorafi ya yi yawa har ya mayar da ita ga masu biyan kuɗi. Fuska ma haka take: fayil ɗin LoRA da aka horar a kan wata manhaja ba ya aiki a kan wadda aka yi wa sabon gini. Wanda bai ajiye hotunan asali a wajensa ba, aron fuskar kawai aka ba shi.

Hanya mafi sauƙi ta samun fuskar da ba ta zamewa ita ce ɗauko ta mutum na gaske, kuma nan ne hatsarin yake. Dabarar da ke riƙe fuskar ƙage da hotuna biyar, ita ce za ta riƙe fuskar abokiyar aiki ko ta ’yar fim, ta saka ta a inda ba ta taɓa zuwa ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan siffar jiki da ake tantance mutum da su cikin rukunin bayanai masu bukatar kariya ta musamman. Hadimin da wayarsa ke cike da hotunan maigidansa, na taro da na filin jirgi da na cikin gida, yana riƙe da ninkin abin da ake bukata don horar da irin wannan fayil, kuma duk hoton da ya ɗora a manhajar gwaji ya bar wayarsa ya sauka a rumbun wani kamfani a wata ƙasa.