Digirin digirgir kan albasa: Yamai ko Sakkwato?

Ɗan Ƙonni, Malbaza ko Illela da ke son digirin digirgir a fiziyoloji, wato ilimin yadda jikin tsiro ko dabba ke aiki, ba zai sha wahalar neman abin bincike ba. Ga albasar Galmi nan. Yaya tsawon yini da zafi ke sa ta yin kai? Me ke tayar da ita daga barci a cikin rudu, ta tsiro ko ta ruɓe tun kuɗinta bai tashi ba? Inda gizo ke saƙar shi ne jami'ar da zai nufa.

Sakkwato na bakin hanci, ba ta kai kilomita 100 daga Ƙonni ba, Yamai kuwa ta haura 400. A wannan fanni nisa ba maganar kuɗin mota kaɗai ba ce. Ganyen da aka yanka da hantsi yana ci gaba da numfashi, ruwansa na tafiya, sukarinsa na raguwa. In ya wuni cikin kula a bayan mota zuwa Yamai, ƙanƙara ta narke tun a Dogon Dutsi, abin da na'ura za ta auna wahalar hanya ce. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, hunturunta da bazararta irin na Ƙonni ne.

Sai dai wanda ya tashi da Faransanci zai koma rubuta kundi da Ingilishi, ya dawo gida ya bi layin neman a daidaita masa takarda. Iyaka ma ba ta da tabbas: an rufe ta bayan juyin mulkin 2023, albasa kuwa ba ta jiran a buɗe.

A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tsarin sananne ne, shekara 3 bayan masta a takarda (a aikace takan zarce), kuma ƙarin girman malamin jami'a a Nijar ta hannun hukumar CAMES yake bi, wadda Najeriya ba ta ciki.

Ni dai Yamai na fi karkata, bisa sharaɗi guda: malamin da zai duba aikin ya yarda a kafa gwajin a tashar binciken noma ta INRAN da ke Ƙonni, a yi awo a bakin gona, busasshen samfur kaɗai ya hau mota. In bai yarda ba, a bi hanyar Sakkwato.